Kwamfutar Barau Mai Shinkafa

An ce wai Barau mai injin casar shinkafa ya rasa kaka guda cur, kuma bakinsa ne ya ja masa.

Injinsa ba ya motsi sai da wata tsohuwar kwamfuta. Wata rana labari ya iske shi cewa masu kula da harshen kwamfutar da aka rubuta manhajar injin da shi za su daina tallafa wa tsohon tsarin da kwamfutar ke kai. Barau bai gane kan zancen ba, abin da kawai ya ɗauka shi ne za a kashe masa inji daga nesa. Ya saɓa babbar riga sai wurin shugabarsu, Hajiya Kulu.

Ta fara yi masa bayani, ya katse ta. "Hajiya, ban zo karatu ba. Mu dubbai ne a kan tsarin nan. Ku bar shi kawai, kada ku daina tallafa masa."

Ta dube shi, ta ce, "To, Malam Barau, mun bar shi. Sai dai mu ba mu da sauran kwamfuta irin taka, kuma ba ma sakin gyaran da ba mu gwada ba. Duk ranar da muka yi gyara, sai ka kawo taka a gwada."

Barau ya fito yana murna, wai ya kayar da masu boko. Bai san mutanen nan kusan kullum cikin gyara suke ba. Yau a kira shi, gobe a kira shi. Ya ɗaure kwamfuta a bayan babur, inji na tsaye, buhunan manoma na jibge a ƙofa. Ya nemi dubban nan su karɓe shi, ko mutum ɗaya bai samu ba.

Da ya gaji ya ce, "Wai Hajiya, in kun daina, injina mutuwa zai yi?"

Ta ce, "Ko kusa. Yadda yake aiki haka zai ci gaba. Sabon gyara ne dai ba zai ƙara samu ba."

"To ni me nake wahala a kai?"

"Abin da na so in gaya maka ke nan ran farko."

Da bakinsa ya roƙa a daina. Wanda ya ce lallai a riƙe tsohon abu, shi ya kamata ya goya shi. Kafin Barau ya gane haka, manoma sun kwashe buhunansu sun kai injin Sambo, wani mai casa a garin.