Dukushin Gunya

Ku matso kusa, ku da kuke cika baki kun iya raba gardama. Yau zan ga iyakar wayonku.

A Rafin Ɗinya an yi wani mai kiwon dawaki, Alhaji Barau. Yana da goɗiya mai suna Gunya, ita kaɗai ta rage daga irin dawakin kakansa. Yana kuma da ingarma, Akawal, baƙi wuluk, jiki na sheƙi, wanda duk mai goɗiya a yankin yake kawo wa barbara. Sai Gunya ta daina ɗaukar ciki. A kai ta wurin Akawal, kwana kaɗan sai wani ruwa mai kama da mugunya ya riƙa zubo mata, shi ke nan an yi asarar shekara. Goɗiyoyin maƙwabta ma haka. A garin nan kuwa, in haihuwa ta ƙi, laifin goɗiya ne, sai a ba mahauta ita. Wa zai kalli dokin da ke cinye harawarsa tas ya ce masa mara lafiya?

Da Alhaji ya gaji da yi wa Gunya allurai, sai ya tara 'ya'yansa uku, Shekarau da Mantau da ƙanwarsu Kubura, wadda ke aiki a ɗakin gwajin cututtukan dabbobi a birni. Ya ce, "Ranar kasuwa mai zuwa zan ba masu lodin dawaki zuwa mahauta ita. Wanda ya cece ta har ta haihu, dukushin nasa ne."

Kubura ta ce, "Baba, a gwada su duka biyu, ita da Akawal."

Tsohon ya zabura kamar ya taka garwashi. "Akawal? Ke, kina cikin hankalinki kuwa?" Bai hana ba, don ya tabbata ita za ta ji kunya.

To, gwajin yana bukatar a goga ɗan tsinke mai auduga a al'aurar dabba. Na Gunya bai yi wuya ba. Akawal kuwa ko mai ba shi dusa ba ya yarda ya zagaya ta bayansa. Shekarau ne ya shiga ƙarƙashinsa. Yana gogawa dokin ya sakar masa kofato a muƙamuƙi, aka ji ƙas, mata suka sa salati. Ya faɗi, jini na tsiyaya daga bakinsa, amma hannun da ke riƙe da tsinken yana sama, bai bar shi ya taɓa ƙasa ba. Sai da Kubura ta karɓa ta cusa shi cikin kwalbar baƙin gawayi ta binne a ƙanƙara, sannan ya suma. Har yau Shekarau ba ya iya tauna nama.

Da Kubura ta isa birni, Mantau na biye da ita, sai ta tarar abincin da ake shuka ƙwayar cutar a kansa ya ƙare, ga ƙwayar ba ta daɗewa a kwalba. Ta fito hankali tashe ta ce, "Yaya, mun shiga uku. Ƙwayar nan ba ta tsirowa sai a kan cakulan, namu kuma ya ƙare." Kafin ta rufe baki Mantau ya hau babur. Can sai ga shi da katan guda na cakulan ɗin yara, yana haki, yana murna. Ma'aikata suka kwashe da dariya, ita kuwa ta fashe da kuka. Ta ce masa suna ne kawai. Jinin doki ake dafawa har ya yi launin cakulan, a zuba a faranti ya daskare. Kuma dole jinin dokin da ba a yi wa allura ba.

Mantau ya yi tsaye baki buɗe. Doki ɗaya ya sani haka, Hurde, dokin sukuwarsa da yake ajiye a bayan gari, abin da ya fi so a duniya. Mahaya kuwa sun yi imani cewa wanda aka ɗebi jininsa an ɗebe masa zuciya. Ya je ya janyo shi da kansa, ya riƙe masa kai, ya kawar da fuska har aka gama. Labari ya bazu. Ko zancen gaskiya ne ko camfi, ni ban sani ba, amma daga ranar babu mahayin da ya sake yarda ya hau Hurde, sunan Mantau ya fita daga filin sukuwa.

Kubura ta dafa jinin, ta zuba, ta shuka. Ƙwayar ba ta son iska irin wadda muke shaƙa, don haka ta rufe farantan cikin tulun gilashi tare da kyandir mai ci, ya mutu da kansa, ta ajiye a wuri mai ɗumi. Kwana ya bi kwana, babu komai. Abokan aikinta suka ce a zubar, ta ƙi, ta ce wannan ƙwaya mai jinkirin tsirowa ce. Safiyar ranar kasuwa ta ɗaga farantan ga haske. A na Gunya ɗigo-ɗigo kaɗan ne. Na Akawal kuwa ya cika fal.

Wayarta ta sami Alhaji an riga an ɗora Gunya kan katakon hawa mota. Ga hayaniyar kasuwa, sai ya buɗe muryar wayar don ya ji sosai, duk dillalai suka ji tare da shi: Akawal ne ke rabon cutar, shi lafiya lau, goɗiyoyi na kwasa. Tsohon ya zauna daɓas a cikin turɓaya. Ba abin da yake faɗa sai, "Innalillahi! Duk goɗiyoyin da na ba mahauta, ashe ba su da laifi?" Maƙwabtan da suka sayar da nasu suka kewaye shi, kowa da abin da yake faɗa. Tun daga ranar, in Kubura ta durƙusa gaishe shi, gefe yake kallo ya amsa.

Aka sauko da Gunya, aka wanke su aka yi musu magani, ita da Akawal. Da shekara ta zagayo ta haifi dukushi, guda ɗaya tak. Shekarau ya zo da karkataccen bakinsa, Mantau ya zo ba dokin sukuwa, Kubura ta tsaya daga bakin barga don ba a ce ta shigo ba. Alhaji ya riƙe igiyar dukushin, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

To, ga igiyar nan na miƙo muku. Hannun wa za ku sa ta?