Matar da Ta Ɓoye Fuskarta a Bayan Jariri

Akwai wata tela da mijinta ke kira 'Yar Zare. Shi mai walda ne. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa tun tana da ƙaramin ciki, har ta haihu bai samu zuwa ba.

Kullum idan an ba su hutun rana, sai ya zauna a inuwar ginin da suke aiki ya kira ta ta bidiyo. Ita kuma ta jingina wayar a jikin keken ɗinki, ƙafa na taka keke, baki na zuba hira.

Cikin ne ya zo mata da baƙin tabo. Ya fara daga kuncin dama kamar an shafa mata toka da yatsa, ya haye karan hanci, ya sauka a na hagu. Aka ce idan ta haihu zai tafi. Ta haihu, tabo ya gyara zama.

Da farko hoda ce ke rufa mata asiri. Sai wata maƙwabciyarta mai haɗa man shafawa ta leƙo shagon.

"Haba Tela, kina gyara mutane ke kin bar kanki? Ungo wannan. Kafin maigidan ya dawo, sai ya wuce ki a hanya bai gane ki ba."

Man ba shi da suna, a cikin wata 'yar roba yake. Ta shafa. Fuskar ta yi haske na ɗan lokaci, daga nan ta fara raɗaɗi, ta yi ja, ta saɓule. Da ta lafa, tabon ya dawo ya ninka baƙinsa.

Ranar da ta ga haka a madubin gwajin kaya, waya ta yi ƙara. Ba ta san lokacin da ta sunkuci jaririn ta kare fuskarta da shi ba.

"Ga Baba! Yi wa Baba dariya!"

Mijin ya yi ta dariya. Washegari ta sake yin haka. Daga nan ya zama ɗabi'a: yaro a gaban waya, muryarta daga baya.

"'Yar Zare, wannan mai kumatun na gan shi. Ina uwarsa?"

"Uwarsa na da ɗinki, Malam."

Yayarta ce ta ja ta zuwa wurin likitan fata. Likita ta duba, ta ce ta jefar da robar nan tun yau. Ta rubuta mata magani da man kariya daga rana, ta ce ta riƙa fita da laima.

"Zai ragu, amma sai a hankali. Watanni ne, ba kwanaki ba. Babban maganinsa haƙuri."

Sai telar ta yanke a ranta: za ta yi haƙurin, shi ma ya yi. Ba zai ga fuskar nan ba sai ta dawo yadda ya bar ta.

Amma kewa ba ta jin magani. Idan yana wasa da yaron, takan leƙa ta gefen kunnen jaririn ta saci kallonsa. Ya rame. Gemunsa na neman aski. Akwai wata rigarsa da ta fasa wankewa, tana nan rataye a bayan ƙofa, idan ta zo wucewa sai ta ɗan tsaya.

Shi kuwa ya daina tambaya. Hirar ta gajarce. Wata rana ma sai ya ce aiki ya yi yawa.

Ran nan Yaya ta faɗo shagon ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Mijinki ya kira ni. Ogansu ya ce ya ƙara shekara guda, yau zai ba da amsa, kuma karɓa zai yi."

Keken ya tsaya.

"Shekara? Ai cewa ya yi ƙarshen aikin nan zai dawo."

"Ya dawo wurin wa? Cewa ya yi, 'Yaya, na san laifina. Na bar ta ta haihu ita kaɗai, shi ya sa ko fuskarta ba ta son in gani.' Namiji guda muryarsa na rawa, ke kina nan kina wasan ɓuya da jariri!"

Lokacin hutun rana ya yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Ta miƙa wa Yaya yaron. Ta kai hannu ga hoda, ta janye. Ta koma bakin taga inda haske ya fi yawa, ta kira shi da kanta.

Ya ɗauka. Ya tsaya cik, ko ƙiftawa babu.

"Ka gani ko? Abin da nake ɓoyewa ke nan."

Ashe hoton ne ya maƙale. Da ya motsa, sai ta ga yana share ido da bayan hannu.

"Matso kusa. A'a, ba kuncin ba, idon nake so in gani."

"Tabon fa?"

"Saboda wannan? 'Yar Zare, saboda wannan kika bar ni ina cin abinci kamar magani? Ɗana kika ɗauko ya bar miki shaida, ni da ko hannunki ban riƙe ba ranar."

Ta yi dariya, hawaye na gangarowa ta kan tabon.

"Kai ma ai ka yi baƙi."

"Ni dama can ba fari ba ne. Kar ki kashe, tsaya a nan."

A fuskar wayar ta ga sama, ta ga ƙarafa, ta ji takunsa yana sauri a kan tsakuwa. Daga nan ta ji muryarsa daga ɗan nesa:

"Oga, a yi haƙuri. Ana jira na a gida."

Darasi: Tabon fata na bukatar likita da haƙuri, ba man da ba a san asalinsa ba. Kuma kada ki ɓoye fuskarki ga mai ƙaunarki, domin idan kika yi shiru, zuciyarsa za ta ba shi amsar da ta fi gaskiyar ciwo. Ku tura wa wata 'yar'uwa da madubi ya hana ta sakewa.