Kurege da Tokin Gwaggo Ɓauna

Ga ta nan tafe da ƙafarta, ku gyara zama ku tare ta.

Wata shekara wayar hannu ta shigo dajin Tsamiya Bakwai, ta zo da wani wasa mai suna Gandu. Noma ne da kiwo a cikin waya: ka share gona, ka shuka, ka tara shanu. Kafin ka ce kwabo dabbobi sun haukace a kansa. Sabis kuwa wuri ɗaya yake kamawa a duk dajin, gindin wani dogon suri, don haka kullum can za ka iske manyan dawa sun yi da'ira, kowa ya sunkuyar da kai, ko sallama ba a amsawa. Bayan shekara uku ana haka, sai Giwa ta ƙara wa wutar fetur, ta sa gasa. Ta ce ranar Juma'a, wanda gandunsa ya fi na kowa zai kwashi gyaɗa buhu goma. Gyaɗa ta gaske fa, mai ɓawo, ba ta cikin waya ba.

To, akwai Kurege. Shi ba ya noma a ƙasa, ba ya noma a waya. Gandunsa akuya ɗaya ce tal, ita ma ramammiya. Amma da ya ji zancen gyaɗa sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya yi wa kansa kirari: "Ni ne Kurege, ƙaramin ƙaya mai zaunar da giwa! Wasu su yi noma, ni in yi girbi!"

Da gari ya waye, ranar Litinin, ya ɗaura ganyen ayaba a wuya kamar lakatayar ma'aikata, ya maƙala tabarau na kara, ya nufi Kura.

"Ranki ya daɗe, daga ofishin Gandu aka turo ni. Kin ci kyautar shanu ɗari."

"Ni?" in ji Kura, miyau na zuba. "Masu ƙiba?"

"Har ba sa iya tafiya. Faɗa mini kalmar sirrinki kawai in zuba miki su."

Kura ta waiga dama da hagu, ta raɗa masa: "Ɓargo."

Kafin azahar Kurege ya shige asusunta, ya canza kalmar, ya sayar da shanunta ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙuli-ƙuli. Kura ta zauna gindin suri tana danna waya, waya na ce mata ba ta san ta ba. Duk rashin kirkin Kura, ranar ta ba ni tausayi, don shekara biyu ta yi tana tara shanun nan.

Da gari ya waye, Kurege ya shafa toka a fuska, ya rataya tsohon gora, ya zama boka. Ya tare Gadu a hanya ya ce, "Kai, bawan Allah, an yi wa gandunka baki! Maza raɗa kalmar sirrinka cikin goran nan in wanke maka ita." Gadu ya kafa dogon bakinsa ya raɗa. Bai lura gindin goran a fashe yake ba, kunnen boka kuma yana daidai wurin. Da la'asar Gadu ma ya bi sahun Kura.

Kurege ya kwanta rigingine yana shafa ciki. "Na ci Kura, na ci Gadu, ban ko sha ruwa ba! Saura babbar tukunya."

Babbar tukunyar ita ce Gwaggo Ɓauna. Shekara uku tana gina gandunta, safe da yamma, har wuyanta ya sage saboda sunkuyo. Kowa ya san in ba wani ikon Allah ba, gyaɗar Juma'a tata ce. Ita kuwa ba ruwanta da yawan magana, amma da ta ga abin da ya sami Kura sai ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ta aika birni aka sayo mata wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino, mai 'yar fuska ta gilashi, ana ce masa tokin. Ta zura masa igiya ta rataya a wuya kamar laya.

Da gari ya waye, Kurege ya laɓe bayan suri don ya saci kalmarta. Ashe ba sai ya wahala ba. Gwaggo da ƙarfi take faɗin ta tana dannawa, don kofato ba ya saurin rubutu.

"Ci-ya-war fa-da-ma," in ji ta.

Gadu ya ce, "Haba Gwaggo, kowa fa yana ji!"

"Su ji mana. Jin sunan tuwo ba ya ƙosarwa."

Mai hankali da ya ji haka zai tsaya ya yi tunani. Kurege kuwa dariya ya yi har da faɗuwa. Ya zaro wayarsa ya rubuta kalmar, sai waya ta ce: "Shigar da lambobi shida na tokin." Ya leƙo, ya ga Gwaggo ta ɗaga layar nan ta duba, ta danna wani abu, gandunta ya buɗe.

"Af, wannan ne? Lamba shida? Ni da na haddace ramuka ɗari da na binne gyaɗar mutane!"

Da gari ya waye, ya naɗa rawani, ya rataya zabira, ya zama wanzami. Ya sami aska, ya sami ƙaho, ya sami ɗan curin kakin zuma, wanda wanzamai ke toshe bakin ƙaho da shi bayan sun zuƙe iska, don ya kama fata. Ya iske Gwaggo a fadama tana kiwo.

"Gwaggo, barka da hantsi. Tun daga nesa na ga wuyan nan ya tara mataccen jini. Ƙaho biyu kawai, ki kwana kamar jaririya."

"Wallahi kamar ka sani, wanzam. Bismilla."

Ya zagaya ƙarƙashin wuyanta wai yana duba jijiya, ya ƙyalla ido ya karanta lambobin tsaf. Sai ya dafe kai. "Kash, na manta aska a gida!" Ya zuba da gudu sai suri, yana rera lambobin a hanya kamar waƙa. Ya rubuta. Waya ta ce: "Lambar ta tsufa. Saura gwaji biyu."

"Ta tsufa? Yanzu fa aka haife ta!"

Ya koma fadama yana haki, ya sake leƙa tokin. Wasu lambobi ne daban. Yana cikin kallo suka ɓace, wasu suka fito.

"Gwaggo, wannan layar taki ba ta zama wuri ɗaya ne?"

"Duk sakan talatin take sauya riga," in ji Gwaggo. "Ko ni mai ita sai na yi sauri. Ina askar?"

"Ai yau ba ranar ƙaho ba ce, na tuna. Gobe da safe, a gindin suri. Iskar wurin ta fi kyau."

Da gari ya waye, Juma'a ce, ranar gasa. Dabbobi sun cika gindin suri, an jibge buhunan gyaɗa goma a gefe, ƙamshinsu na tashi. Kura da Gadu na zaune a baya, ba gandu, sai ido. Dabarar Kurege mai sauƙi ce: ya kafa ƙaho, ya bar Gwaggo ta lumshe ido, ya karanta lamba, ya shige asusun a nan take, ya kwashe gandun kaf zuwa nasa kafin Giwa ta fara duba.

Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala. A hanya ya ɗan lasa kakin zuman nan, don ya ji ko na gaske ne. Na gaske ne. Ya sake lasa don ya tabbatar. Ko da ya iso, babu sauran kaki sai ƙamshi a gashin baki.

Ya haye ƙeyar Gwaggo, ya ɓoye wayarsa cikin gashinta, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Ba abin toshewa, sai ya sa yatsa. To ga tokin can ƙasa yana lilo, ga waya a sama, ga yatsa a ƙaho, wuyan ɓauna kuwa ba wuyan kaza ba ne. Ya saki ƙaho ya sulale ƙasa, ƙaho ya faɗi, ƙwal!

"Wanzam, lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo! Na farko na gaisuwa ne."

Ya karanta lamba, ya ɗauki ƙaho, ya kama gashi ya hau, ya sake zuƙa har idanunsa suka firfito, ya toshe da yatsan ƙafa, ya miƙa hannu yana dannawa. Waya ta ce a rubuce: "Lambar ta tsufa. Saura gwaji ɗaya."

Gumi ya jiƙa rawani. Can ga Giwa ta fara zagayawa tana duba gandun kowa.

"Gwaggo, cire layar nan in riƙe miki, tana tare jini."

"Ko wanka ba na cire ta. Yi aikinka."

Sai ya yi ta maza. Ya naɗe jelarsa a ƙahon wanzanci don ta toshe bakin, ya saki jiki ya rataya kai ƙasa, waya a haƙora, hannu ɗaya na miƙawa wajen tokin. Ya karanta, ya danna ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar. Daidai nan rawani ya warware ya rufe masa ido. Kafin ya yaye, lambobi sun sauya riga. Ya danna ta shida da addu'a.

Wayar Gwaggo ta ƙwala ihu, yadda duk dajin ya ji: "Hattara! Sau uku ana ƙoƙarin shiga gandunki. An toshe wayar ɓarawon." A lokacin kuma wayar da ke bakin wanzami ta ɗauki kuka, wiii, wiii, kamar an taka ɗan kwikwiyo.

Gwaggo ta sunkuyo a hankali, suka haɗa ido da abin da ke lilo a wuyanta, ba rawani, ba kunya.

"Ma'aikacin ofis!" in ji Kura.

"Boka!" in ji Gadu.

"Wanzam," in ji Gwaggo, "kai ma wuyanka ya tara jini. Bari in yi maka nawa ƙahon."

"Gwaggo, ai wanzami ba ya son jarfa..."

Bai ƙarasa ba ta girgiza kai sau ɗaya. Ƙahonta ya karce shi daga kafaɗa har cinya, ya yi sama ya wuce tsinin suri, ya faɗo kan buhun gyaɗa. Ko a nan sai da ya cusa guda biyu a kumatu kafin Kura ta iso. Ta cafki jela, ya bar mata gashi cike da baki. Gadu ya bi shi da haure har bakin rami. Giwa ta ɗauki wayarsa da ya yar, ta mayar wa Kura da Gadu asusunsu, sai dai shanun da aka riga aka ci ƙuli-ƙulinsu sun tafi ke nan. Gwaggo Ɓauna ta kwashi buhu goma, ta ba Kura da Gadu ɗaya-ɗaya, ta ce su sayar su sayi tokin.

Daga can cikin rami aka jiyo murya, tana nishi tana taunar gyaɗa: "Ku shaida, biyar na ci cikin shida! Wa ya taɓa kai haka? Ba wayo aka fi ni ba, rawani ne ya ci amanata!"

Shi ya sa har yau in kun ga kurege za ku ga farin layi a gefen cikinsa, aikin Gwaggo ne. In kuma kuka gan shi tsaye cak a kan suri, hannu biyu a ƙirji, baki na motsi, kada ku ce addu'a yake yi. Ƙirga talatin yake, yana gwada ko zai riga lambar tokin sauyawa.

Ƙurunƙus kan ƙahon wanzami. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya tambayi Gwaggo lambar, in ya dawo da ita da ranta ya ƙaryata ni.