Madugun da Ya Ɗaure Tafki a Turke

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu na shiga kasuwa da rana tsaka suna taya kaya, an yi wani sarki mai suna Anaruwa, wanda ke mulkin Birnin Tsumbula a gaɓar wani tafki mai faɗin da ko gauraka sai ta yada zango kafin ta ƙetare shi. Arzikin ƙasar nan duk kifi ne. Masunta su kamo, 'yan banda su gasa shi da hayaƙi, fatake su ɗora wa jakuna da raƙuma su kai garuruwan da ruwansu bai wuce na rijiya ba. Har alkyabbar sarki ƙaurin banda take yi, kuma babu bafaden da ya taɓa toshe hanci.

Tafkin kuwa na wata tsohuwar aljana ne, wadda ba a faɗin sunanta don tsoro, sai dai a ce Gwaggo.

Ana nan sai tafki ya fara yawo. Bana ya ja baya ya bar kwale-kwale a kife cikin laka, baɗi ya taso ba sallama ya shiga rumfuna ya kashe wutar banda, ya tafi da tabarmi da takalman mutane. Fatake su iso su tarar ba kifi, su juya suna tsaki. Sarki Anaruwa ya rasa sukuni, ya hau soro ya duba ruwa, ya sauko, ya sake hawa, har dogarai suka rame don bin sa.

To, babban attajirin garin shi ne Madugu Cindo, wanda aka haifa da yatsa na shida a hannun dama. Shi ke da rumfunan banda na dutse jere a gaɓa, shi ya sa aka sassare itatuwan giyayya da ke kewaye da ruwa don hura wuta, shi kuma ya kawo taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe jiya. Sun daɗe suna son juna da Gimbiya Yalwa, 'yar sarki, mace mai kai, wadda ita ke lura da jiragen fada. Da ya aiko neman aurenta sai sarki ya tara fada ya ce:

"Ya kai Madugu, na rantse da Wanda ya ba ni wannan rawani, ba za ka ga Yalwa a gidanka ba sai ka tsayar da tafkin nan wuri guda. In kuwa ya ƙara gusawa bayan ka sa hannu, ka bar mini ƙasata."

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita yana gumi. Ya ƙetare dazuzzuka da duwatsu har ya kai kogon wani boka mai suna Duna, wanda ya ba shi turken baƙin ƙarfe da aka ƙera a maƙerar aljanu, ya ce duk abin da aka kafa masa shi ba ya motsi, ko iska ce. Gimbiya ta aika masa cewa ya dakata, ita ba ta taɓa jin an ɗaure ruwa kamar akuya ba. Ina! Ango yana sauri. Ya shiga jirgi, ya kafa turke a tsakiyar tafki da hannunsa.

Turke kuwa ya yi aiki. Tafki ya tsaya cak. Aka buga tambari, aka sa ranar biki, attajirai suka ƙara gina rumfuna har cikin ruwa.

Sai dai ruwan da aka ɗaure bai ƙara kaɗawa ba. Gansakuka ta rufe shi, ya koma kore, ya fara wani irin ɗoyi da ya kori ƙaurin banda daga gari. Tarwaɗa da karfasa suka riƙa tasowa ciki sama. Attajirai suka ce ai wannan sauƙi ne ma, kifi na kawo kansa ba sai an jefa taru ba, suka kwasa suka gasa suka sayar. Fataken da suka saya ba su dawo ba, sai saƙon zaginsu ya dawo.

Cindo ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. In ya cire turke ya rasa Yalwa da ƙasa, in ya bar shi tafki ya mutu. Ya je gaɓa ya dawo, ya je ya dawo, har karnukan unguwa suka daina yi masa haushi. Ranar nan da rana ta take tsaka ya tuƙa jirgi shi kaɗai zuwa wurin turke, sai ya tarar da wata tsohuwa zaune a kan ruwa kamar a kan tabarma, gashinta fari har gadon baya, ƙafarta ɗaya ɗaure da sarƙa a jikin turken, duk bayanta ya sale saboda rana.

Ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, angon turke. Ka zo ka ga akuyarka?"

Ya durƙusa cikin jirgi ya ce, "Tuba nake, Gwaggo. Me ya sa kike yawo, har kika sa na yi wannan aika-aika?"

Ta ce, "Ɗan nan, a inuwar giyayya nake barci tun kafin a haifi kakan sarkinku. Ka sare inuwar ka gasa 'ya'yana da ita, ka kwashe har jikokina da tarunka, sannan kana tambaya me ya hana ni kwanciya? Amma kada in yi maka ƙarya, ba laifinka ne duka ba. Aljanun girgije ma sun daina cika alkawari. Wata shekara su juye mini ruwan shekara biyu a kai, wata shekara su wuce ko yawu babu. Ko ka mayar mini da inuwata, ba zan ƙara zama irin na da ba. Wanda ke son ciniki da ni, sai ya koyi tashi in na tashi."

Ta kuma gaya masa cewa turken ba ya fita sai da hannun da ya kafa shi, kuma ba ya fita a banza. Cindo ya waiwaya ya dubi soron fada inda ya san Yalwa take. Sannan ya naɗe hannun riga, ya kama ƙarfen nan ya ja. Ruwa ya yi rugugi kamar aradu, turke ya fito, ya tafi da yatsansa na shida. Tafki ya yi miƙa, ya kwashi gansakukarsa ya nufi gabas a guje, ya bar rumfunan dutse suna kallon taɓo.

Kafin la'asar dogarai sun raka Cindo bayan gari. Ya bi sawun ruwa da hannu a naɗe. Masunta kaɗan suka bi shi, Gimbiya kuma ta roƙi mahaifinta har ya yarda ta tura masa tsofaffin jiragen fada, wai don su rage cunkoso.

A can Cindo ya sake kafa ciniki, amma ba irin na da ba. Rumfunansa na gora ne da zana, a kan jirage, in ruwa ya matsa su matsa. Ya ƙone tarun nan mai ƙananan idanu, ya hana kamun kifi a lokacin da yake ƙwai. Rabin kifi a shanya shi da gishiri a rana, rabi a gasa da busassun rassa, kuma duk wanda zai hura wutar banda sai ya dasa giyayya tukuna. Inda ruwa ya janye ya bar laka, su shuka wake da masara, don in kifi ya ƙi, rumbu ya amsa. Attajiran birni suka yi ta dariya, suna kiransa sarkin 'yan gudun hijira, suna zaune a rumfunansu na dutse suna jiran tafki ya dawo.

Ya kuwa dawo. Wata damina aljanun girgije suka juye abin da suka tara, ruwa ya taso ya haɗiye rumfunan dutse, ya shiga rumbuna, ya kai har zauren fada. Mutane suka hau soraye da awakinsu, yunwa ta fara leƙowa. Sai ga kasuwar Cindo tafe a kan ruwa, jirgi bayan jirgi, da busasshen kifi da wake da masara, ta tsaya daidai ƙofar fada. Sarki Anaruwa ya leƙo daga soro, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Ya kai Madugu, na sa ka tsayar da abin da Allah bai tsayar ba, na kore ka saboda ka ƙi kashe shi. Ka shigo. Rantsuwata kuwa ni zan ɗauki nauyinta."

Liman ya ce sai sarki ya yi kaffara ya ciyar da miskinai. Aka duba rumbun fada babu ko ƙwaya, don haka da kifin surukinsa ya yi ta, yana rabawa yana sunkuyar da kai.

Aka ɗaura aure a kan jirage, aka naɗa Cindo sarkin kasuwa, aka yi shela cewa kowane ɗan kasuwa ya yi shirin fari da na ambaliya kafin ya yi shirin riba. Ranar kai amarya Gwaggo ta ɗan gusa da jirgin ango, don tsokana, sai da 'yan rakiya suka tattare zannuwa suka bi ango cikin laka suna waƙa. Madugu Cindo da Gimbiya Yalwa suka rayu cikin wadata da yawan zuriya, kowane ɗa da gaɓar da aka yanke masa cibi.