Layuka Tara da Injiniya Ya Goge

Ranar Litinin aka ba Injiniya aikin sabunta manhajar da ma'aikatan asibiti ke buɗewa ta intanet su nemi jini daga ɗakin ajiya. Wanda ya rubuta ta ya rasu, bai bar takardar bayani ko ɗaya ba. Dole Injiniya ya bi rubutun layi-layi don ya gano abin da aka gina ta ta yi. Gwani ne, amma yana da aibi guda: duk abin da bai gane ba, shara yake kiransa.

Ya tarar da wasu layuka tara. Jefi-jefi sukan hana fitar da takardar jini sai an sake shigar da lambar gado.

"Ka tambayi Sista, babbar nas ta ɗakin haihuwa mana," in ji abokin aikinsa. "Shekara ashirin tana aiki da manhajar nan."

"Sista? Wadda ke danna kwamfuta da yatsa ɗaya kamar za ta cije ta?"

Ya goge su.

Bayan sati biyu, da hantsi, Sista ta kira shi.

"Ɗana, yau na'urar ba ta tambaye ni gado ba. Ina da mata biyu masu suna ɗaya a ɗakin haihuwa. Duk ran da aka samu haka, sai ta tambaya."

Injiniya ya miƙe tsaye.

"Mama, an ɗaura jinin?"

"Wata nas ta wuce da leda ɗaya yanzu."

Daga ofishinsa zuwa ɗakin haihuwa hawa uku ne. Bai san lokacin da takalminsa ɗaya ya cire ba. Ya tarar da ledar a rataye, jinin ya gangaro rabin robar da ke zuwa hannun mai jego. Sista, duk da ciwon gwiwarta, ta riga shi. Ta lanƙwashe robar a hannunta tana haki.

"Na mai gado na shida ne," ta ce. "Wannan tana gado na biyu."

Matar da ke kwance ta dube su, jaririnta a gefe. "Lafiya dai ko?"

Injiniya ya zauna a ƙasa. Kafin la'asar an karɓe aikin daga hannunsa.

Darasin shi ne: abin da ka tarar a aikin wanda ya riga ka, wata matsala ce ta sa aka ajiye shi, ko da ba a rubuta ta ba. Kafin ka goge, nemi wanda ya daɗe a wurin ka tambaye shi.