Waƙar Bayan Faifai

Akwai wani mawaƙi a garin Hull na ƙasar Birtaniya mai suna Clive, tun zamanin faifan garmaho. Shi ne jagoran ƙungiyarsu ta samari huɗu. Mai kaɗa musu jita, Neville, abokinsa ne tun firamare.

Da za su buga faifansu na farko sai aka zo rabon fuskokin faifan biyu. Ta gaba ita gidajen rediyo ke sakawa, ta baya kuwa ciko ce kawai. Clive ya ɗora waƙarsa a gaba. Ya jefa ta Neville a baya, wata waƙa mai sanyi da Neville ɗin ya rera wa mahaifinsa, masuncin da teku ta cinye.

Neville ya ce, "Clive, ka ma saurare ta kuwa?"

"Na ji, mutumina. Murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba! Ka gode da ka samu bayan ma."

Sauran suka kwashe da dariya. Neville ya rataya jitarsa ya fita, ya koma suyar kifi da dankali a shagon yayarsa.

Faifai ya fito, shiru kake ji. Sai ran nan wani ma'aikacin rediyo ya juya shi ya saka bayan. Matan masunta suka ji, suka yi kuka, suka fita saye. Mako-mako waƙar tana hawa jerin waɗanda suka fi kasuwa, har ta zama ta ɗaya a Birtaniya.

Wani gidan talabijin ya kira su Landan, su fito a shirinsa na waƙoƙi. Hankalin Clive ya tashi. A wannan shirin faifai ake sakawa, mawaƙi ya riƙa motsa baki kawai. Ko dai ya ba Neville haƙuri su tafi tare, ko ya tsaya a gaban duniya da muryar wani.

Ya je shagon, ya bi layi. Neville ya ɗago ya dube shi.

"A sa gishiri, ranka ya daɗe?"

Haƙurin ya zo wa Clive har maƙogwaro, ya haɗiye shi. Ya karɓi kifinsa ya fita.

Ya je Landan ya motsa baki, aka tafa masa. Da ya dawo gida, mahaifiyarsa ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Na ga bakinka, ɗana. Amma muryar Neville ɗan Mabel na ji."

Duk Hull ta san muryar. Da suka hau dandamali a garin, jama'a suka yi ta ihu, "Neville! Neville!" Clive ya buɗe baki zai rera, waƙar ta fi ƙarfin muryarsa. Ya yi tsaye da makirufo a hannu, yana kallon mutane suna fita.

Darasi: Kada ka raina abin da abokinka ya kawo, kuma in ka ɓata masa, ba shi haƙuri tun yana gabanka. Ku tura wa wanda girman kai ke neman raba shi da amininsa.