Kujerar Dagaci da Wurin Mai Zuwa

Masu adana labaran mutanen da sun ce, a wani gari da ake kira Rafin Maɗaci an yi wani dagaci mai suna Shekarau. Adalcinsa ba laifi, sai dai Allah Ya zuba masa zargi. In ka gaishe shi da fara'a ya ce me kake nema, in ka gaishe shi a daƙile ya ce me kake ɓoyewa. Yana da ƙane guda mai suna Dogara, uwa ɗaya uba ɗaya, tsawonsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya. Tun ranar da aka naɗa wa Shekarau rawani yake kallon ƙanen nan ta wutsiyar ido.

Da gara ta cinye ƙafar tsohuwar kujerar da ya gada, sai ya sa Sallau kafinta ya yi masa sabuwa. Shi Sallau a zauren gidansa yake aiki, ba shi da inji, daga zarto sai gizago da guduma da ƙarafan fafe itace. Wata biyu ya yi yana fama da katakon maɗaci, ya fito da kujera wadda ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Kowa ya gani sai ya ce tubarkalla.

To, bafaden da aka aika ya ɗauko ta, wani mai suna Mati, bai iya dawowa daga aike baki wayam ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na son kawo magana, amma taɓa majinginar nan ka ji."

Dagaci ya taɓa. Faffaɗan katakon da ake jingina da shi ya ɗan motsa a cikin kwarminsa, ya yi ƙwas. Ta kowane gefe an bar ɗan sarari kamar faɗin ƙwayar dawa.

Mati ya rage murya. "Na tambaye shi dalili, sai ya yi murmushi ya ce wai ya bar wa mai zuwa wuri. Kuma ranka ya daɗe, da idona na taɓa ganin Dogara a zauren nan, zaune daram a kan wannan kujera tun ba a gama ta ba, Sallau yana zagaya shi da igiya."

Shekarau ya juya maganar a ransa. Mai zuwa? Wa zai zo kan kujerar dagaci in ba wanda ya riga ya ɗana ta ba? Nan take ya yanke hukunci: gobe Juma'a, da an sauko masallaci, a rufe zauren Sallau, a fitar da shi daga gari da shi da iyalinsa. Dogara kuwa sai a gaban hakimi.

Da rana ta take, fadawa suka watse. Dagaci ya zauna a kan buzu shi kaɗai, ya zuba wa kujerar ido kamar mai gadin maciji. Lokacin bazara ne, zafi ya kai zafi. Can sai ya ji an yi gyaran murya daga sama. Ya ɗaga kai, ya ga wani tsohon ƙadangare, jan gwada, a maƙale jikin ƙofar zaure yana gyaɗa kai.

Dagaci ya ce, "Ka gani ko? Har kai ka yarda na yi daidai."

Ƙadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, gyaɗa kai gadonmu ne, ba shaida ba ne. Da kana da sarari da na ba ka labarin Gambo mai goro da ƙofarsa, domin na ga ka kama hanyarsa."

Dagaci ya ɓata fuska ya ce, "Wane ne Gambo, kuma me ƙofarsa ta yi masa?"

Ƙadangare ya sauko taki biyu, ya ce:

"A wani gari can yamma an yi wani attajiri, Gambo mai goro. Ya gina ɗakin ajiya, ya sa wani dattijon kafinta mai suna Nomau ya yi masa ƙofa. Da rani aka kawo ta. Gambo ya tsaya daga ciki, ya ga haske yana leƙowa ta gefenta siriri kamar zare. Sai zuciyarsa ta ce masa, ai katako aka rage maka, ko kuma an bar wa ɓarawo inda zai zura ƙarfe. Ya tafi gidan Nomau a fusace ya ce, 'Baba, da girmanka da furfurarka? Wannan sarari na wane ne?'

"Nomau ya ajiye gizago ya ce, 'Na mai zuwa ne, Alhaji.'

"Gambo ya ce, 'Af! Har kun yi da shi zai zo ke nan?'

"Nomau ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, 'Zauna, Alhaji, kada ka zama Tabawa matar Bawa, wadda ta ji magana ta bayan danga.' Gambo ya ce, 'Me ya sami Tabawa?' Nomau ya share masa guntun katako ya zauna, sannan ya ce:

"'A zamanin da nake da ƙarfi, ni da abokin aikina Ilu muna aiki a bayan gidanmu. Mu kafintoci ba ma kiran kaya da sunansu, da sunan mai su muke kira, don kada su cakuɗe. Wani mahauci, Bawa, ya ba mu aikin tebur. Ran nan matarsa Tabawa ta zo wucewa ta bayan danga da tulu a kai, sai ta ji Ilu yana cewa, Nomau, ƙafar Bawa ta hagu ta yi tsawo. Ni kuma na ce, bar ta, gobe da safe ka danne min shi, in sa zarto in rage ta.

"'Tulu ya faɗi. Tabawa ta isa gida tana salati, ta ce wa mijinta ya tashi ya gudu, kafintoci sun ƙulla za su yanke masa ƙafa. Shi kuwa Bawa, da ma mun taɓa yin cacar baki da shi kan wani marke da ke iyakar gonakinmu, sai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Bai tako ya tambaye mu ba, alhali tsakaninmu bai fi jifa ba. Ya haura katanga ta baya zai tsere ƙauyen kawunsa, ya dira a kan turmi, ƙafar hagu ta karye. Da ta warke sai ta fi 'yar'uwarta gajarta. Har ya bar duniya yana ɗingishi, mutane suna cewa ga wanda kafintoci suka rage wa ƙafa ba tare da sun taɓa shi ba. Ka ji, Alhaji, maganar masu sana'a riga ce da aka ɗinka don jikin aikinsu. Wanda ya ɗauka ya saka wa kansa, shi ta kan shaƙe.'

"Nomau ya ci gaba da cewa, 'Mai zuwan da nake faɗa maka damina ce. Itace ko an sare shi bai mutu duka ba. Da rani ya tsuke, da damina ya sha danshi ya buɗe. Kakanninmu ba sa kama sunanta a wurin aiki, mai zuwa suke ce mata, don ba ta taɓa saɓa alkawari ba. In ba ka ba ta wuri ba, da kanta za ta nema.'

"Gambo ya yi dariyar labarin Tabawa, amma a ransa ya ce, tsohon nan ya iya baki, wanda kuwa ya iya baki haka akwai abin da yake rufewa. Ya samo wani kafinta mai saurin hannu, ya sa aka ƙara wa ƙofa katako ta kowane gefe, aka bi ta da ƙusoshi, ta zauna cif, ko iska ba ta wucewa. Ya kwana da daɗi wata uku. Ruwa ya sauka. Ranar da fatake suka zo ɗaukar goro, aka murɗa makulli, ƙofa ta ce ba ta san zance ba. Aka sa kafaɗa, aka sa ƙafa, aka kira majiya ƙarfi. Gambo ya hana a fasa, wai asiri Nomau ya yi masa, sai an karya. Kwana tara ana hayaƙi da tofi a bakin ƙofa, fatake suka gaji suka wuce. Da aka sa gatari daga ƙarshe, ƙwari da zafi sun gama da goro. Ɓarawon da Gambo ya toshe wa hanya bai taɓa zuwa ba. Wadda aka ce masa za ta zo kuwa ta zo."

Ƙadangare ya gyaɗa kai sau uku.

Labarin ya ratsa dagaci, amma tsohon hali ba ya fita rana ɗaya. Ya ce, "Kai jan gwada, tsaya. A ina kake kwana?"

"A katangar Sallau, ranka ya daɗe. Can akwai ƙwari cikin ɓawon itace."

"Na faɗa! Wato aiko ka aka yi. Ka ci ƙwarinsa, dole ka yi masa waƙa."

Ƙadangare ya ce, "Ban ce ka yarda da ni ba. Ni ma da ni ne kai, ba zan sayi maganar mai jan kai ba. Amma wannan ƙofa da nake maƙale a jikinta ba ta cin ƙwarin kowa. Uban Sallau ne ya yi wa ubanka ita. Ta ina ka ga na shigo?"

Dagaci ya duba. Tsakanin ƙofar da bango akwai sarari, rana ta zuro haske ta nan har kan buzunsa.

Ƙadangare ya ce, "In damina ta yi tsakiya fa, yaya kuke rufe ta?"

Sai dagaci ya tuna. Shekara arba'in yana ganin ana sa wa ƙofar nan kafaɗa a watan marka, shi kansa ya sha tsawata wa masu gadi a kan haka, bai taɓa tambayar dalili ba.

Ƙadangare ya ce, "Ni a lokacin sai in zagaya ta indararo. Ana cewa sai bango ya tsage muke samun wurin shiga, gaskiya ne. Sai dai ba duk mai shiga tsaga ne ke da wutsiya ba. Wani da hula yake zuwa, ya durƙusa ya ce ba ya son kawo magana."

Dagaci ya ce, "To, zaman Dogara a kanta fa? Shi ma damina ce?"

"Wannan ba ni da labarinsa. Amma gidan Sallau bai fi jifa ba. Bawa ma haka ne."

Bayan la'asar Shekarau ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya fita ba bafade, ya bi lungu har zauren Sallau. Ya tarar da shi zaune cikin ɓawon katako, ƙamshin maɗaci ya cika wurin, yana fafe rami a jikin wata ƙafar gado. Labarin kora bai iso shi ba tukuna. Ya zabura zai faɗi gaisuwa, dagaci ya ɗaga masa hannu.

"Sallau, wane ne mai zuwa?"

"Damina, ranka ya daɗe. Da na like majinginar nan da gam, da ta tsage gida biyu kafin kaka, a ce kujerar dagaci ta fashe a hannuna."

"Dogara kuma me ya kai shi kanta?"

Sallau ya sosa ƙeya, ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, kujera sai an auna mai ita, daga gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa kafaɗa. Ni kuwa ina ni ina zagaya dagaci da igiya kamar ragon layya? Sai na roƙi Dogara, tunda jikinku ɗaya. Sau uku yana ƙi, wai ba ya zama inda Yaya zai zauna. Da ƙyar ya yarda, kuma sai da ya cire hula da takalmi. Shi ne ma ya ce in ƙara wa hannun kujerar na dama kauri, wai kafaɗar nan taka tana damunka tun faɗuwar da ka yi kuna yara."

Dagaci ya kai hannu kafaɗarsa ta dama bai sani ba. Daga kan tsamiya ya faɗo a wancan lokaci, kuma Dogara ne ya goyo shi har gida. Ya yi ta shafa kafaɗar har Sallau ya fara tsarguwa.

"Ko an sami kuskure ne, ranka ya daɗe?"

"An samu," in ji dagaci, "amma ba a wurinka ba. Ci gaba da aikinka."

Da ya koma, ya tarar da ƙadangare yana nan inda ya bar shi. Ya aika aka kira Mati, ya ce masa hukuncin gobe ya tashi, kuma daga yau in an aike shi ɗaukar kaya, ya ɗauko kaya kawai. Sannan ya je ya zauna a kan kujerar, karo na farko. Ya jingina. Katako ya yi ƙwas a bayansa, hannun dama ya tare masa kafaɗa daidai wurin ciwon.

Ƙadangare ya ce, "Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe, in ba za ka sa a jefe ni ba. Ko da Dogara ne Sallau yake nufi, ai bai yi ƙarya ba. Ubanka ya bar maka wuri, shi ya sa kake zaune. Kujerar da ta ce ba mai zuwa, ita ce ke tsagewa."

Shekarau ya runtse ido, tsohon halin ya ɗago kai, ya ji kamar ya tambayi wanda ya koya wa ƙadangare wannan magana. Sai ya haɗiye. Ya ce, "Na ji, jan gwada, kuma na karɓa."

Ya leƙa waje ya ce a kira masa Dogara su ci tuwo tare. Ya ƙara da cewa, a gaya masa ya shigo da hularsa a kai.